Allurar korona: mu auna ta yadda aka auna titunan Akokan



A makon jiya na je likita an yi mini allurar korona. Da marece na zauna fada na ba abokai labari. Wani dattijo da ya yi sama da shekara 20 yana aikin ma'adini ya aje kofin shayinsa ya dube ni, ya ce: "Yaro, waɗanda suka ce mana ƙura ba ta komi, su ne yau za su kawo mana lafiya kyauta?" Kowa ya yi tsit. Ni ma ban yi masa gardama ba, don wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani sai ya ja da baya.

Tsoron nan yana da tushe. A 1996, lokacin annobar sanƙarau a Kano, kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan da yara 200. Yara 11 suka rasu, iyaye suka ce ba a yi musu bayani ba, kuma sai a 2009 aka yi sulhu da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. A watan Afrilun 2020 wasu likitoci biyu suka fito a talabijin ɗin Faransa suna shawarar a zo Afirka a yi gwaji, har shugaban Hukumar Lafiya ta Duniya ya yi tir da maganar. Mu kuwa a Arlit, tun 1971 ake haƙar uranium a gefenmu. Wanda ya ce mutanenmu jahilci ne ya sa suke tambaya, bai san tarihinmu ba.

To amma mu tuna yadda gaskiyar Arlit ta fito fili. Shekaru muna zargi a bakin shayi, babu wanda ya saurare mu. Sai da ƙungiyar Aghirin'man ta gayyato masanan CRIIRAD a watan Disamba 2003, aka fara awo. A Nuwamba 2009 Greenpeace ta zo da na'urori, ta tarar da wani wuri a titin Akokan inda tururin uranium ya kusa ninka na ƙa'ida sau 500. Cikin ruwa biyar da aka ɗiba, huɗu sun wuce iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta gindaya. Da lissafi ya fito, dole aka zo aka kwashe ƙasar wuraren. Awo ne ya yi mana wannan aiki. Saboda haka nake cewa mu ɗauki ma'aunin nan mu ɗora allurar korona a kai, mu yi mata tambaya uku.

Ta farko: an gwada ta kafin a kawo mana? Allurar Sinopharm, wadda ƙasar Sin ta ba Nijar guda 400,000, an gwada ta kan dubban mutane a Daular Larabawa, Bahrain, Masar da Jodan. An yi ta ne da ƙwayar cutar da aka kashe, tsohuwar dabara da aka daɗe ana aiki da ita wajen haɗa rigakafi. Ta AstraZeneca, da ta iso a Afrilu ta hanyar shirin COVAX, an gwada ta a Ingila, Brazil da Afirka ta Kudu, kuma Turawa sun yi wa miliyoyin mutanensu ita kafin ta zo nan. Amma akwai abin da ya kamata a faɗa: an ƙaddamar da rigakafi a Yamai ranar 29 ga Maris 2021, faraminista Brigi Rafini ya miƙa hannunsa, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta ba Sinopharm izinin gaggawa ba sai 7 ga Mayu. Wasu ƙasashe kamar Maroko sun riga mu farawa, gaskiya ne, sai dai haƙƙinmu ne hukuma ta yi mana wannan bayani da bakinta.

Ta biyu: tana aiki? Hukumar ta ce Sinopharm tana rage kamuwa da ciwon da kwanciya asibiti da kusan kashi 79 cikin 100, bayan allura biyu. Ba ɗari bisa ɗari ba ne. Mutum na iya yin allura ya kamu, amma galibi ciwon yakan zo masa da sauƙi.

Ta uku: tana da illa? E, tana da ita. Ni hannuna ya yi tsami, na kwana da zazzaɓi, washegari na tashi garau. Ranar 7 ga Afrilu hukumar magunguna ta Turai ta sanar cewa AstraZeneca na iya jawo daskarewar jini ga wasu ƴan ƙalilan ƙwarai. Ku lura, masu sa ido ne da kansu suka fito da wannan labari, suka buga shi duniya ta gani. Wanda ke aiko mana da murya a WhatsApp cewa allura na hana haihuwa, ina nasa awon? Wa ya ƙirga, a wane gari, mutum nawa?

Ƙin allura ma yana da nasa farashi. A 2003 aka dakatar da rigakafin shan inna a Kano, cutar ta bazu zuwa ƙasashe da dama, yaran da ba su san hawa ba su san sauka ba suka shanye. A ɗaya gefen, tun da aka fara allurar MenAfriVac a Nijar a 2010, sanƙarau nau'in A da ke ɗibar mana yara duk bazara ya kusa ɓacewa.

Kuma wa korona ta fi kayarwa? Tsofaffi, masu hawan jini, masu ciwon suga, masu raunin huhu. Ku dubi unguwanninmu. Cominak ta rufe ranar 31 ga Maris, kwana biyu bayan fara rigakafi, ɗaruruwan magidanta suka rasa aiki, da yawa suna tunanin inda za su ga likita gobe. In numfashi ya sarƙe wa tsoho a nan, Agadez kilomita wajen 240 ce, kuma kowa ya san halin hanyar.

Don haka ina kira ga hukumomin lafiya na jihar Agadez. Ku zo rediyo ku amsa tambayoyin jama'a kai tsaye, da Hausa da Tamajak. A nuna wa kowa kwalbar, a faɗa masa sunan allurar da ranar lalacewarta, a rubuta masa a kati. A buɗe wurin da wanda ya ji ba daidai ba bayan allura zai je a duba shi kyauta, a rubuta, a riƙa bayyana adadin. Kada a tilasta wa kowa, kada a tsare ma'aikaci da barazanar kora.

Dattijon nan har yanzu bai ce zai yi ba. Na ce masa: "Baba, ranar da ka shirya zan raka ka, ka yi wa malamin likita duk tambayar da ke ranka. In bai amsa ba, mu dawo tare, in rubuta a shafin nan." Ya ce zai yi shawara. Ku ma ku raka naku tsofaffin.

Allah ya ba mu lafiya, ya tsare garinmu.