KOWA YA SAN KUƊIN GIDANSA, WA YA SAN INDA BUTUTUN SOKAWENSA YA BI?



Yau za mu taɓo maganar da ba a son yi a majalisa, wato maganar masai da sokawe. A yi haƙuri da mu, gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Ku tambayi kowane maigida a Pantami, Bolari, Jekadafari ko Tumfure nawa ya sayi filinsa, zai faɗa muku har da la'adar dillali. Ku tambaye shi buhun siminti nawa ginin ya ci, ba zai yi gargada ba. Amma ku ce ya nuna inda bututun ban-ɗaki ya bi a ƙarƙashin tsakar gidansa, da zurfinsa, sai ya fara sosar ƙeya. Filamba ya haƙa, lebura ya rufe, birkila ya daɓe, an sallame su, shi ke nan ilimin ya tafi da su.

Kwanakin baya a unguwarmu wani bawan Allah ya sayi tsohon gida, ya kawo masu haƙar rijiya. Ba a yi gaba biyu ba ƙasa ta fara baƙi tana wari. Ashe gefen tsohuwar salga ce da aka cike aka daɓe. Wanda ya sayar ya sani, bai faɗa ba. Dillali ya karɓi nasa ya yi gaba. Shi wannan ya yi sa'a, hancinsa ya cece shi. Wanda ƙazanta ke tsattsafowa cikin rijiyarsa a hankali fa? Ruwa garau a ido, a sha, a yi girki, a yi alwala, a sayar wa 'yan ga-ruwa su zaga da shi gari.

Gidajenmu ba su haɗe da wani babban bututun gari mai kwashe bayan gida irin na manyan biranen Turai ba. Kowane gida da raminsa. Masana lafiya sun ce a bar aƙalla mita 30 tsakanin ramin bayan gida da rijiya, kuma gindin ramin ya tsaya aƙalla mita 1.5 sama da inda ruwan ƙasa yake. To, filin da muka saba saya, ƙafa 50 da ƙafa 100, tsawonsa duka mita 30 ke nan. Balle wanda aka raba biyu. Ma'ana, sokawenka ya shafi rijiyar maƙwabcinka, nasa ya shafi taka. Ga ƙasarmu mai yashi, ruwa na ratsa ta ba wuya. Hatta mai famfon Dadin Kowa bai tsira ba idan fayif ɗinsa ya bi ta kwata ko kusa da bututun masai: ranar da aka ɗauke ruwa, fasasshen fayif kan zuƙo abin da ke kewaye da shi.

A shekarar 1854 kwalara ta kashe mutum sama da 600 a wata unguwa a birnin Landan. Likita John Snow ya bi sawu ya gano rijiyar famfo guda ce suke sha. Da aka tona, sai ga tsohon ramin bayan gida dab da rijiyar, ko mita ɗaya babu tsakaninsu. Nan gida Najeriya kuwa, a 2021 hukumar NCDC ta ƙirga sama da mutum 100,000 da ake zaton sun kamu da amai da gudawa, fiye da 3,000 suka rasu, kuma Arewa ce ta fi jin jiki.

Wasu za su ce aikin gwamnati ne. Gwamnati na da nata laifin, za mu zo kansa. Amma gwamna ne ya haƙa maka sokawe a jikin katangar maƙwabci? Wasu su ce Allah ke tsarewa. Haka ne, amma ba mu ga mai wannan magana ya kwana da ƙofar shagonsa a buɗe ba. Wasu kuma su ce babu kuɗi. To ku ji abin da aikin ke bukata:

1. Ku fara daga bayan ban-ɗaki, inda bututun ya fito, ku nemo cemba mai murfi da bututun fitar da wari. Bututu kan tafi a miƙe daga cemba zuwa cemba har rami.

2. Ku buɗe cemba, wani ya zuba ruwan bula a masai. Inda shuɗin ya ɓullo, nan hanyar take.

3. Ku tsayar da sanda daga gindin bututun zuwa bakin ƙasa a kowace cemba, ku auna. Zurfin na ƙaruwa wajen rami, domin da gangare ake shimfiɗa shi, kamar ƙafa 1 a kowace ƙafa 40.

4. In babu cemba, a nemo filamban da ya yi aikin ko dattawan layin. In ta kama a tona, a bi da shebur a hankali, kada a ɗaga diga.

5. Kada kowa ya shiga ko ya zura kai cikin sokawe. Iskar ciki na sumar da ƙato nan take, kuma mai shiga ceto shi ma yakan tafi.

6. Ku zana a takarda, da awo daga katanga, ku haɗa da takardun gida. Mai sabon gini ya ɗauki hoto da waya kafin a rufe. Tun ran gini, tun ran zane.

Yanzu ga hukuma. GOGIS na rajistar filaye, hukumar tsara birane na amincewa da zanen gini, GOSEPA na kula da tsaftar muhalli. Muna kira kada a sa hannu a kan zanen da bai nuna sokawe da rijiya da tazararsu ba, kuma a je a gani da ido kafin a rufe. A dawo wa duba-gari da ƙarfinsu na da. Masu unguwanni, kafin ku shaidi cinikin gida, ku sa mai sayarwa ya nuna kowane rami, mai aiki da wanda aka cike. Ɓoye aibin kaya ha'inci ne, a kasuwa ko a gida.

Mu kuma, kafin motar haƙa burtsatse ta shigo layi, a ƙwanƙwasa ƙofar maƙwabta na dama da hagu da baya, a tambayi inda ramukansu suke. Wanda aka tambaya kada ya ɗauke shi raini, jikokinsa ma a nan za su ɗebi ruwa.

Kafin damina ta kankama, kowa ya duba tsakar gidansa. Wanda ya san filamba mai amana ya sanar da 'yan layinsu.

Allah Ya tsare mu da iyalanmu, Ya sa mu gyara.