"Munka" Ba Kuskure Ba Ne

Duk mai waya a hannu ya gwada yanzu, ya rubuta Zurmi a Google. Hari, garkuwa da mutane, adadin gawa. Ya sake da Shinkafi, duk kanwar ja ce. Mu da sana'armu ita ce rubuta manhajar kwamfuta mun san injin nan ba ya ƙirƙirar komai, abin da aka ɗura masa shi yake amayarwa. To, me muka ɗura masa game da garuruwanmu?

Kada wani ya ce mana mutanenmu ba sa karatu. A Ƙaura Namoda muka tashi, muka fara da gatanar kakanni, muka koma Magana Jari Ce da Ruwan Bagaja, sannan muka dinga hayar littattafan Kano, muna ɓoye In Da So Da Ƙauna a tsakiyar littafin lissafi. Mun so su, har gobe muna son su. Amma a duk tarin nan ba mu tuna tauraron da ya buɗe baki ya ce "munka tahi" ba.

Yau ƙannenmu ne ke rubuta labarai a waya, shafi-shafi, ana biya ana karantawa. Madalla. Sai dai yarinyar da aka haifa a Shinkafi za ta ajiye tauraruwarta a Maitama, ta ba uban kamfani a Dubai. Idan Bazamfare ya leƙo cikin labarin, maigadi ne ko baƙauyen da za a yi wa dariya, yanzu kuma an ƙara masa matsayi, ya zama ɗan bindiga. In ta yi kuskuren rubuta "shina" ko "wanga", nan take wani zai gyara mata, wai Hausarta ta karye.

Za a ce daidaitacciyar Hausa ce ke sayar da littafi. Mai ba da labari ya yi da ita, ba mu ja ba. Amma tsohuwar Zurmi da ke faɗa da jikanta cikin Kananci ƙarya ce, kuma kunne yana ganewa. Narambaɗa ɗan Tubali bai taɓa lanƙwasa harshensa don kowa ba, ga shi Kanawa suna sauraronsa har yau.

Za a kuma ce mai karatu gudun baƙin ciki yake yi, shi ya sa yake son Dubai. Wannan kam muna jin ta, mu ma mun binne namu. Amma wa ya ce baƙin ciki kaɗai muka mallaka? Tun 1929 jirgin ƙasa ya iso Ƙaura, a nan dogo ya ƙare, ya tara 'yan gyaɗa, leburori da baƙi masu harsuna iri-iri. Ga kasuwar Shinkafi ta ranar Alhamis. Ga 'yan tauri da mafarautan da Kassu Zurmi ya yi wa kiɗa.

Ko a cikin masifar ma akwai abin da jarida ba ta ɗauka. A Satumban 2021 aka katse layukan waya a Zamfara, aka rufe kasuwannin mako. Akwai budurwar da ta yi makonni tana cajin wayar da ba za ta yi ƙara ba, saurayinta yana Legas, ga ranar biki tana matsowa. Kowace unguwa tana da irinta. Har yau ba mu ci karo da ita a littafi ba.