Malam Aminu Kano da Ƙuri'ar Mata

Ran zaɓe a Boɗinga ko Shagari, mata sukan yi dogon layi, wasu da goyo, kowace da katinta a hannu. Wannan abu bai daɗe ba. A zaɓen 1959 maza kaɗai suka jefa ƙuri'a a Arewa.

Cikin waɗanda suka ce wannan ba adalci ba ne har da Malam Aminu Kano, wanda ya taɓa koyarwa a Maru, cikin Lardin Sakkwato na wancan zamani. Ya karanta labarin Gandhi na ƙasar Indiya, ya kama hanyarsa ta neman hakki ba da makami ba. Aka yi ta ɗaure mutanensa na NEPU, wasu har da bulala, shi kuwa makaminsa baki da alƙalami.

A 1979 matan Arewa suka shiga zaɓen shugaban ƙasa. Malam ya tsaya, amma Alhaji Shehu Shagari ya ci. Masu cewa Malam ya tashi a banza sun yi gaggawa. Ai matan Shagari da suka zaɓi ɗan garinsu, da ƙuri'ar da Malam ya shekara da shekaru yana nema musu suka zaɓe shi.