Arctic Monkeys: Faifan da masu sharhi suka tarar a gaba

A ranar 23 ga watan Janairun 2006 ne wasu samari huɗu daga birnin Sheffield na arewacin Ingila suka fitar da faifan waƙoƙinsu na farko, kuma kafin mako ya zagayo an sayi kwafi fiye da 360,000.

A wancan lokaci babu wani faifan farko da ya taɓa samun ciniki da sauri haka a tarihin Birtaniya.

Jagoran ƙungiyar ta Arctic Monkeys, Alex Turner, bai daɗe da cika shekara 20 ba, kuma kamfanin Domino da ya fitar da faifan ƙarami ne mai zaman kansa.

Sai dai abin da ya fi cinikin tayar da ƙura shi ne irin tarbar da masu sharhi suka yi wa faifan, mai suna Whatever People Say I Am, That's What I'm Not.

Mujallar NME ta ba shi maki goma bisa goma. Ba ta tsaya nan ba, a cikin watan ta sanya shi na biyar a jerin faya-fayan da suka fi fice a tarihin Birtaniya, sama da duk wani faifai na Beatles. Faifan da ko wata guda bai yi a kasuwa ba ke nan.

A al'adar kiɗan rock na Birtaniya, 'yan jarida da gidajen rediyo ne ke gano sabon mawaƙi su gabatar da shi ga jama'a. A wannan karo jama'a ne suka riga su.

Samarin kan raba waƙoƙinsu kyauta a faya-fayan CD a wuraren wasa, magoya baya kuma su ɗora su a intanet. Hatta shafinsu na MySpace ba su suka buɗe shi ba.

Kafin manyan jaridu su farga, matasa sun haddace waƙoƙin suna rera su tare da mawaƙan, kuma waƙarsu ta yi ta ɗaya a ƙasar tun watan Oktoban 2005.

Saboda haka da wuya a ce ba a yi wani ɓangare na yabon don huce haushin makara ba. Mai sharhin da aka bari a baya, ba shi da abin yi illa ya ɗaga murya fiye da kowa.

Wannan ba ya nufin faifan ba shi da nauyi. Turner ya yi waƙa da karin harshen garinsu, ba tare da kwaikwayon Amurkawa ba, kan abin da matashi ke gani a daren ƙarshen mako: masu gadin gidan rawa, da neman tasi bayan an tashi, da motar 'yan sanda. A kan wannan basira ta lura kusan bakin masu sharhi ya zo ɗaya.

Inda aka rabu shi ne kan kiɗan. Masu sukar lamiri sun ce babu sabon abu a cikinsa, domin an riga an ji irinsa a wajen Strokes da Libertines.

A Amurka ma an fi taka-tsantsan. Shafin Pitchfork ya ba shi maki 7.4, faifan kuma ya shiga jerin Billboard a matsayi na 24, ko da yake mujallar Time ta zaɓe shi gwarzon shekara.

Su kansu samarin da alama yabon ya ba su tsoro. A farkon bidiyon waƙar da ta fito da su, Turner ya gargaɗi masu kallo da kada su yarda da zuzutawar da ake yi. A 2006 ne kuma ɗaya daga cikinsu, Andy Nicholson, ya bar ƙungiyar bayan ya koka da gajiya.

Faifan ya ci kyautar Mercury a 2006, da ta Brit a 2007. A 2007 ɗin Leona Lewis, wadda ta fito daga gasar talabijin, ta karya tarihin cinikin nasu.

A 2018 NME ta daina buga mujallarta ta mako-mako. Shekara biyar bayan haka, Arctic Monkeys suka jagoranci bikin kiɗa na Glastonbury a karo na uku.