Wasiƙa zuwa ga masu kula da tanderun dutsen mai

Ƙannena injiniyoyi da ma'aikatan ɗakin sarrafa tanderu,

Na yaba da ƙoƙarinku. Kun fi mu iya kwamfuta nesa ba kusa ba, kuma kuna kula da hayaƙi da ruwan dattin masana'anta fiye da yadda muka kula. Allah ya ƙara basira. Sai dai akwai abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya, kuma shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Kuna sassauta rariya. Idan aka matsa muku a kan yawan tan ɗin da za a gasa a rana, sai ku bar tsaki da garin dutse su bi bel su faɗa tanderu tare da manyan ƙwayoyi. Matsi ya tashi, sai ku ƙara wa injin hura gas ƙarfi, ku rubuta a littafi cewa komai lafiya. Haba, ƙannena!

Tanderu na tsaye ba shi da wata hanyar kai zafi cikin dutse sai gas mai zafi da ke ratsa kafofin da ke tsakanin ƙwayoyi. Sai dutsen ya kai wajen digiri 500 a ma'aunin Salshiyos kafin kerojin ɗin da ke cikinsa ya farfashe ya ba da tururin mai, kuma gas ɗin nan ne zai ɗauko tururin ya fito da shi. Don haka magabata suka ƙayyade girman dutse. Tanderun Kiviter na Istoniya yana cin dutse daga milimita 25 zuwa 125. Na Fushun a ƙasar Sin yana cin 10 zuwa 75. Petrosix na Burazil, wanda babbansa mai faɗin mita 11 ya fara aiki a 1991, shi ma sai an tankaɗe masa. Mutanen Istoniya da gari ya yi musu yawa ba su tura shi cikin Kiviter ba. An yi masa tanderunsa daban, wato Galoter, inda toka mai zafi ke gasa dutsen cikin ganga mai juyawa.

Duk kun karanta lissafin da Sabri Ergun ya wallafa a 1952, kun ci jarrabawa a kansa. To ku sake duba shi. Idan kafofin da ke cikin tarin dutse suka ragu daga kashi 40 cikin 100 zuwa 35, faɗuwar matsi tana ƙaruwa da fiye da kashi 60 cikin 100, ko da yawan gas bai canza ba. Aikin gari ke nan, yana cusa kansa a kafofi. Ga shi kuma gas a digiri 500 ya kumbura fiye da ninki biyu da rabi na girmansa a sanyi, kaurinsa ma ya ƙaru. Tun 1856 Henry Darcy ya nuna wa duniya, da ruwa da yashi a garin Dijon na Faransa, cewa abin da ke gudana ya fi bin inda ya fi sauƙin wucewa.

Nan ne abin ya fi ba ni takaici. Gari ba ya bazuwa daidai; wajen zuba dutse yakan taru gefe guda, manyan ƙwayoyi su gangara wani gefe. Da kun ƙara ƙarfin injin, gas sai ya huda wa kansa hanya ta inda ya samu sauƙi. Duk wadda ta taɓa turara dambu ta san haka: tururi ya samu kafa ɗaya a madambaci, gefe ya dahu, gefe ya fito ɗanye. A tanderu, gefen da gas ya yi wa yawa zafinsa ya wuce kima, toka ta narke ta dunƙule, ɗaya gefen kuma dutse ya sauka da mansa a ciki. A daidai wannan lokaci geji yakan nuna matsi ya sauka, kuma na sha ganin matasa suna murna da hakan. Matsin da ya sauka ba tare da kun taɓa komai ba ya fi wanda ya tashi ban tsoro.

Dutsen Istoniya ma ya fi wuyar sha'ani, domin tsakanin digiri 350 da 400 yakan yi laushi ya zama kamar kwalta mai danƙo. Gas ya yi jinkiri a wurin, dutse ya manne, ya yi gada a cikin tanderu. Wannan ne ya sa aka tsara Kiviter yadda gas zai ratsa siririn layin dutse ta gefe.

A da, tsofaffin da suka koya mana aiki ba sa karɓar aikin dare sai sun je gindin bel sun ɗebi dutse a hannu, sun kuma duba tokar da ke fita. Suna kewaya tanderu su karanta kowane ma'aunin zafi, gabas da yamma, su kwatanta. Yau mutum ya ƙare aikinsa bai san launin dutsen da ya gasa ba, idonsa na kan lamba ɗaya a allo. Lambar ma ba a tambayar ko gaskiya take faɗa, alhali siririn bututun da ke kai matsi ga geji kwalta da ƙura na toshe shi. Wannan sakaci ne, ba ni da wani sunan da zan ba shi.

Ku yi haƙuri da zafin harshena, tsufa ne da son aikin. Na san ba ku kuke yanke yawan tan ba. Amma ku ne kuke da lissafin da za ku ajiye gaban manaja, ku nuna masa man da ke tafiya cikin toka da kwanakin da za a rufe tanderu ana fasa dunƙule. Ku roƙi a sa ma'aunin matsi a hawa-hawa na tanderu maimakon sama da ƙasa kawai, ku riƙa busa bututun geji a kan lokaci, rariyar da ta yage kuma a canza ta kafin a sake tayar da bel.

Naku,
Wani tsohon ma'aikacin tanderu