Gatari Ya Yi Gaggawa a Ƙasar Kura

Wanda duk ya bi hanyar Kano zuwa Zariya da rani, in ya iso Kura ya ratsa ya nufi wajen Bunkure, zai ga abin sha'awa. Ko'ina ƙasa ta bushe ta yi fari fat, amma nan ga shinkafa, ga alkama, ga tumatir, kore shar. Ruwan Tiga ne ya kawo haka, madatsar da aka gama a 1974 zamanin Gwamna Audu Baƙo. Amma in matafiyin ya ɗauke ido daga gonaki ya dubi tsibin itacen sayarwa da ke bakin hanya, sai murnarsa ta ragu. Da yawa cikin guma-guman nan kaurinsu bai wuce na taɓarya ba, waɗansu ma ɗanyu ne, ɓawonsu bai ko saki ba. Watau an sare su tun ba su ƙosa ba.

Lokacin da aka baje ƙasa don a ja ruwa, itatuwan gona masu yawa sun tafi, ɗorawa da tsamiya da kanya da gawo. Abin da ya saura yana gonakin tudu da bakin ƙauyuka, shi ne kuwa gatari ya ke bi yanzu. Masu turara shinkafa suna bukatar wuta, masu gasa burodi haka, ga kuma birnin Kano wanda ba ya ƙoshi da ice da gawayi. Ba mai hankalin da zai ce wa matar da ke ciyad da 'ya'yanta da turaren shinkafa ta kashe murhu. Gardamar a kan lokaci ta ke: yaushe ya kamata a sari ice, a wace shekara ta rayuwarsa, a wane wata kuma?

Kafin a amsa, sai a san aikin da ice ya ke yi a tsaye. Cikin iskan nan da a ke shaƙa akwai wata irin iska wadda masana ke kira iskar kabon, ita ce ke fita in an ƙona ice ko man fetur. In ta yi yawa a sama sai ta riƙe zafin rana kamar bargo, duniya ta ɗumama, damina ta rikice. A 1958 an auna ta an sami kashi 315 cikin miliyan, a 2023 kuwa ta haura 420. Ganyen ice ya kan zuƙe ta, ya mai da ita jiki da reshe da saiwa. Kusan rabin nauyin busasshen ice kabon ne, shi ne baƙin da a ke gani in an yi gawayi. Ke nan busasshen ice mai kilo 100 yana riƙe da kabon kamar kilo 50, in an ƙone shi kuwa iskar da za ta tashi ta kai kilo 180, domin kabon ɗin ya kan haɗu da wata iska ya ƙara nauyi. Ice rumbu ne, sara da ƙonawa kuwa buɗe rumbun ne.

To, ƙaramin ice ganyensa kaɗan ne, saboda haka ajiyarsa a shekara kaɗan ce. A 2014 waɗansu masana suka bayyana sakamakon awon itatuwa fiye da dubu 600, iri 403, suka ga cewa a galibin ire-iren nan, ice yana ƙara girma, abin da ya ke tarawa kowace shekara yana ƙaruwa. Mai saran marke ɗan shekara biyar daidai ya ke da makiyayin da ya yanka karsana tana gab da fara haihuwa: ya ci nama yau, ya yi asarar garke. A ƙasashen arewacin duniya masu sanyi, kamar Suwidin da Finlan, su kan jira shekara sittin har ɗari kafin su sare kurmin katako, duk da haka masanansu suna ta muhawara ko a ƙara jinkiri don ajiyar ta daɗe. Mutanen da itacensu ke tafiyar hawainiya sun iya haƙuri, nan kuwa inda darbejiya ke yin inuwa cikin 'yan shekaru, an kasa.

Akwai masu cewa ba kome, a sare a dasa wani. Wannan magana tana da daɗi a bakin mai jawabi ran bikin dashen itatuwa. Amma a koma wurin bayan wata shida a ƙirga abin da akuya ta bari! Ko dashen ya rayu, ɗorawa ta kan yi kusan shekara goma kafin ta ba da kalwa ta kirki, kafin ta kai wadda aka sare kuwa, mai dashen ya yi furfura. Duk tsawon shekarun nan iskar tana sama tana aikinta. Wanda ya ci bashin buhu ya biya da tiya, ba ya cewa ya biya.

Ba a ce kada a taɓa sare babban ice ba. In ya tsufa ya fara rami, gara a sare shi a sassaƙa turmi ko ƙofa. Turmin kirya ya kan yi shekaru a gida, azarar giginya ta kan ga jikoki, kabon ɗinsu kuwa yana nan ƙulle. Mafi muni shi ne a mai da shi gawayi, gama buhu guda ya kan ci icen da ya ninka shi sau biyar ko fiye a nauyi, sauran duk ya bi hayaƙi.

Sai kuma batun wata. Magabata ba gindi su ke sara ba, rassa su ke ragewa, su kan bari kuma sai rani ya yi nisa, sa'ad da ice ya tara ƙarfinsa a saiwa, don in ruwa ya sauka ya yi toho. Abin da aka rage a jingine shi ya bushe. Ɗanyen ice wani kashi na wutarsa wajen korar ruwan jikinsa ya ke tafiya, mai girki ta sha hayaƙi, ta kuma ƙona fiye da bukata. Wanda ke cinna wa gindin ice wuta don ya faɗi, shi kam ya kashe har tohon.

Manomin shinkafa zai ce inuwa na cutar shukarsa, jan baki kuma a kan ice ya ke sauka. Gaskiyarsa, ba wanda ya ce a bar kuka a tsakiyar fangali. Amma iyakokin gonaki fa, da gonakin tudu? A ƙasar Maraɗi, tun daga 1983, wani mutumin Ostareliya, Tony Rinaudo, da manoman wurin suka shiga barin tohon kututture in sun zo sassabe, su zaɓi masu ƙarfi su rage sauran. Sun sa masa suna sassabin zamani. An ƙiyasta itatuwa miliyan 200 sun dawo a kan kadada miliyan 5 a kudancin Nijar, da ruwan sama kaɗai. Su ma suna samun itacen girki, daga rassan da su ke ragewa.

Mutanen Kura da Bunkure sun riga sun san bin ƙa'idar lokaci. Ruwan da Hukumar Kogin Haɗeja da Jama'are ke saki, kowane sashe da ranarsa, mai buɗe ƙofa ba ranarsa ba kuwa maƙwabta ba su ƙyale shi. Ƙungiyoyin manoman da ke tsare wannan, tare da dagatai da masu unguwa, suna iya yanke kaurin da in ice bai kai shi ba ba a saransa, su kuma tsai da watannin rage rassa. Kafin nan, ga ɓuntun shinkafa tsibi-tsibi a bayan injinan casa, yana cin wuta sarai in an gina masa murhun da ya dace, mai turara shinkafa tana iya soma da shi tun bana.