Tashin asuba ba shi ne sirrin ba: magana ga masu sabbin kamfanoni da ke da iyali

Duk mai riƙe da salula ya san irin bidiyoyin nan da ke yawo a Facebook da TikTok, inda wani zai fito ya ce sirrin masu kuɗin duniya shi ne tashi ƙarfe 5 na safe. Wani marubuci ɗan Kanada, Robin Sharma, har littafi ya yi a kan haka a 2018 mai suna The 5 AM Club, inda ya ce a raba awar farko gida uku: minti 20 motsa jiki, minti 20 tunani, minti 20 karatu. Matasanmu masu kafa ƙananan kamfanoni, daga masu harhaɗa manhaja a Yamai zuwa masu sarrafa gyaɗa da zogale a Maraɗi da Damagaram, da yawa sun ɗauki maganar da zafi.

To amma mu nan ai tashin ƙarfe 5 ba labari ba ne. Kiran assalatu yana tada gari kaf. Mai ƙosai ta riga kowa hura wuta, mai shayi ya ɗora tukunya, ɗan garuwa yana bakin famfo, manomi ya kama hanyar gona. In da tashi da wuri kaɗai ke kawo arziki, da mai ƙosai ta fi kowa kuɗi a unguwa. Ni a ganina abin dubawa ga mai kamfani da ke da yara abu uku ne: ƙarfe nawa ya kwanta, me ya yi da wannan awar, kuma wa ke ɗauke da aikin gida lokacin da shi yake zaune gaban kwamfuta.

Mu fara da kwanciya. Hausawa sun ce wanda ya riga ka kwana zai riga ka tashi. Masana harkar barci sun daidaita a kan cewa baligi na buƙatar aƙalla awa 7 a dare. Ke nan mai son tashi ƙarfe 5 sai ya kwanta ƙarfe 10. Amma dubi yadda muke yi: bayan lisha a tafi fada, a sha shayi na ɗaya, na biyu, na uku, a dawo gida a kama WhatsApp har ƙarfe 1. Awa 4 ke nan. A kwana biyar na aiki ka ci bashin awa 15, wato barcin dare biyu cur. Wani bincike da aka yi a Ostireliya a 1997 ya nuna wanda ya yi awa 17 ido biyu, hankalinsa da saurin hannunsa suna raguwa kamar na wanda ya ɗan sha giya. Yi lissafi: daga 5 na asuba, awa 17 tana cika ƙarfe 10 na dare daidai. Duk yarjejeniyar da ka ƙulla da duk kuɗin da ka tura bayan wannan lokaci, da gajiyayyen kai ka yi su. Da safe kuma kai ne za ka goya yara biyu a kan babur zuwa lakwal.

Akwai misalin da ya kamata kowane mai kamfani ya sani. Arianna Huffington ta kafa jaridar intanet ta Huffington Post a Amurka a 2005, tana da 'ya'ya mata biyu. A 2007, shekara biyu da fara aikin, gajiya da rashin barci suka kayar da ita, ta buga fuska a teburi har ƙashin kuncinta ya karye. Daga nan ta sake tsarin rayuwarta, a 2016 ta fitar da littafi sukutum a kan barci. Kamfaninta yana bunƙasa a lokacin da ta faɗi, jikin ne ya ƙi.

Na biyu, me ake yi da awar. Jeff Bezos, wanda ya kafa Amazon a 1994, uban yara huɗu, ya bayyana tsarinsa a wani taro a Washington a 2018. Ya ce yana kwanciya da wuri, yana barcin awa 8, da safe ya karanta jarida, ya sha kofi, ya karya kumallo tare da yaransa kafin su tafi makaranta, kuma ba ya fara ganawar aiki sai ƙarfe 10. Ya ƙara da cewa in ya yanke shawara uku masu kyau a yini, sun ishe shi. Na san wani zai ce, ai shi ya riga ya tara, yana da masu yi masa komai. Gaskiya ne, kuma wanda ke da ma'aikata biyu da bashin banki ba zai jira ƙarfe 10 ba. Amma darasin yana nan: aikin shugaban kamfani shi ne yanke shawara, kuma shawara tana son kai mai sanyi.

A wajenmu wannan ya fi ƙarfi ma. A watan Afrilu da Mayu, zafi kan wuce digiri 40 a Yamai da Tawa. Tsakanin sallar asuba da fitowar rana ne kawai jiki ke sakewa, waya ba ta fara ƙara ba, masu zuwa gaisuwa da masu neman taimako ba su fara sallama ba. Da sanyin safiya ake kama fara. Wannan awar ta dace da aikin da ba ya son katsewa: duba littafin shiga da fita, lissafin farashi, rubuta takardar neman jari, tsara abin da kowane ma'aikaci zai yi. Wanda ya ɓatar da ita wajen amsa saƙonnin gurup da kallon bidiyo, gara ma ya koma ya ƙara barci.

Na uku shi ne wanda masu bidiyon ba sa faɗa. Lokacin da maigida ke zaune shiru yana aiki, wa ke ɗora ruwan wanka? Wa ke dama kunu, ta nemo takalmin wannan, ta rarrashi wancan, ta duba ko an saka alli da littafi a jaka? A yawancin gidajenmu amsar ita ce uwargida, ko babbar ɗiya, ko 'yar aiki. Shirun da kake samu, wani ne ke biyan kuɗinsa da jikinsa. Ba laifi ba ne a raba aiki a gida, amma a san cewa rabo ne, kada mutum ya fito yana bugun ƙirji wai ƙwazonsa ne kawai.

Sai ka juya lamarin. In matar ce ke da kamfanin fa? Muna da su da yawa: masu sabulu, masu ɗinki, masu sarrafa abinci, masu sayar da kaya ta intanet, wasu har sun bi ta cibiyoyin rainon kamfanoni irin CIPMEN da aka buɗe a Yamai a 2014. Ita awar asubarta ta yara ce da murhu. Sai ta sallami kowa wajen ƙarfe 8 sannan ta fara nata, lokacin rana ta ɗaga, ko kuma ta bari sai dare bayan kowa ya kwanta, ta ci daga barcinta. In aka ce mata ta tashi ƙarfe 5 don ta yi nasara, dariya za ta yi, don ta riga mai maganar tashi. Abin da take buƙata shi ne wanda zai karɓe ta na awa ɗaya. Maigida, in ka yi wa yara shiri ka kai su lakwal sau biyu ko uku a mako, ka zuba jari a kamfanin matarka ba tare da ka fitar da ko dala ba.

Yaran ma suna da haƙƙi a cikin safiyar nan. Uban da ke fita kafin su gama shiri, ya dawo sun yi barci, zai iya yin mako bai ji bakin ɗansa ba. Minti 15 a kan tabarma ɗaya, ana shan kunu, ya isa ka gane wanda ba ya jin daɗi, wanda mushe ya kora saboda littafi, da wanda ya fara ƙin zuwa aji.

Don haka shawarata ga matasanmu masu tasowa: a rage zaman fada a ranakun aiki, a ajiye salula ƙarfe 10. A zaɓi aiki ɗaya tun da dare wanda za a yi bayan sallah, a yi shi kafin a buɗe saƙonni. In yara sun tashi, a rufe kwamfuta. Mata da miji kuma su zauna su raba safiyar da baki, kowa ya san ranarsa, musamman in dukansu biyu suna da sana'a.

Ku da kuke cikin harkar, maza da mata, yaya kuke raba safiyarku tsakanin aiki da yara? Muna saurarenku. Allah Ya sa albarka a nema, Ya raya mana zuri'a.